Yadda Ake Tsara CV Mai Karɓuwa Da Wayar Hannu: Darasi Ga Masu Neman Aiki A Zakirai Da Kewaye

Duk lokacin da aka sanar da ɗaukar ma'aikata, ko a gwamnatin tarayya, ko a jiha, ko a wata ƙungiya mai zaman kanta, abu na farko da ake tambayar mutum shi ne CV. A garuruwa irin su Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa a Jihar Kano, abin da aka saba shi ne mai neman aiki ya garzaya shagon kwamfuta. Mai shago sai ya buɗe tsohuwar CV ɗin wani, ya goge suna da makaranta, ya sa na wanda ya zo, ya buga masa, ya karɓi kuɗinsa. Da haka sai a wayi gari matasa ashirin daga gari ɗaya sun tura takarda iri ɗaya, burinsu ɗaya, abin sha'awarsu ɗaya, har kuskuren rubutunsu ma ɗaya.

Matashin da ke ƙauye yana takara ne da na birnin Kano, da na Kaduna da Abuja, a kan gurbi guda. Wanda zai tantance su bai san gidan kowa ba, bai kuma san ƙwazon kowa ba. Abin da ke gabansa shafi ɗaya ne ko biyu. Wannan darasi zai bi matakan tsara wannan takarda dalla-dalla, da yadda za a yi aikin gaba ɗaya a wayar Android ba tare da an mallaki kwamfuta ba.

Mece ce CV, kuma wa ke karanta ta?

CV gajarce kalmomin Latin ne guda biyu da ke nufin tafarkin rayuwa. Takarda ce da ke taƙaita karatun mutum, ayyukan da ya taɓa yi, da abin da ya iya. A Amurka sun bambanta doguwar da malaman jami'a ke amfani da ita da kuma gajerar da ake neman aikin kamfani da ita, amma a Najeriya duka biyun CV ake ce musu. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce gajerar: shafi ɗaya ga wanda bai jima da gama makaranta ba, shafi biyu ga wanda ya kwana biyu yana aiki.

Aikin CV guda ɗaya ne, ta sa a kira mutum ganawa. A wajen ganawar ko jarrabawar ne ake yanke hukuncin ɗauka. Shi ya sa ba a cusa komai da komai a cikinta.

Mai tantancewa ba ya zama ya karanta ta kamar littafi. Wani bincike da kamfanin Ladders na Amurka ya yi a 2018, inda aka bi motsin idanun masu ɗaukar aiki, ya nuna cewa kallon farko da suke wa takarda, a matsakaici, daƙiƙa 7.4 ne kawai. A cikin wannan ɗan lokaci ido yana neman suna, aikin da mutum ya yi na ƙarshe, shekaru, da matakin karatu. Idan ya same su cikin sauƙi sai a ci gaba da karantawa. Idan sun ɓuya a cikin ado da dogon surutu sai a wuce zuwa ta gaba. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Mataki na farko: a daidaita takardu kafin a rubuta komai

Kafin a buɗe wata manhaja, a tattaro takardu wuri ɗaya: shaidar firamare, sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS, shaidar NCE ko ND ko HND ko digiri, takardar NYSC ga wanda ya yi, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da kuma takardar NIN mai lamba 11.

Sannan a jera su a duba abu biyu: suna da ranar haihuwa. Nan ne ’yan Arewa da yawa ke samun tangarɗa. Wani a takardar firamare Muhammad ne, a ta sakandare Mohammed, a NIN kuma Muhammed. Wani ya sa sunan garinsu a matsayin suna na uku a wata takarda, a wata kuma ya sa na kakansa. Mace kan yi karatu da sunan mahaifinta, sannan ta buɗe asusun banki da sunan mijinta. A da, ma'aikacin ofis kan kau da kai a kan irin wannan. Yanzu shafukan ɗaukar aikin gwamnati da dama suna jawo bayanan mutum kai tsaye daga rumbun hukumar NIMC da zarar ya sa lambarsa, kuma kwamfuta ba ta san Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ba ne.

Idan an ga saɓani, a gyara tun babu sanarwar aiki a gaba. Ana yin takardar rantsuwa a kotu, ana buga sanarwar sauya suna a jarida, hukumar NIMC kuma tana da hanyar gyara bayanai da ake biyan kuɗi a kanta. Duk sunan da ya tabbata, shi za a sa a CV, harafi da harafi.

Mataki na biyu: sassan CV ɗaya bayan ɗaya

Mafi yawan masu ɗaukar aiki a Najeriya da Turanci suke son takardar. Misalan da ke tafe da Hausa suke domin a fahimci tsarin tunanin, daga baya a juya su.

1. Kan takarda. Cikakken suna da manyan haruffa, sai lambar waya, adireshin imel, da garin da ake zaune. Ya isa a rubuta Zakirai, Ƙaramar Hukumar Gabasawa, Jihar Kano, ba sai an kwatanta gida da bishiyar da ke ƙofarsa ba. Lambar wayar ta kasance ta mai neman aikin ce da kansa, wadda take kunne. Idan sabis na yawan ɗaukewa a unguwar, a ƙara lamba ta biyu ta wani kamfanin sadarwa daban. Idan ƙungiyar ta ƙasa da ƙasa ce, a fara lambar da +234 a cire sifirin farko. Imel kuwa ya ƙunshi sunan mutum na gaskiya. Adireshin da aka buɗe da laƙabin samartaka ko sunan ƙungiyar ƙwallo yana rage wa mutum ƙima tun kafin a karanta layi na biyu. Buɗe sabon Gmail kyauta ne, kuma ba ya cin minti biyar.

2. Taƙaitaccen bayani. Layi biyu ko uku a ƙarƙashin suna, masu faɗin ko wane ne mutum a fagen aiki. Jimlar da shagunan kwamfuta suka saba mannawa, wadda ke cewa mutum na son aiki a ma'aikata mai daraja domin ya ba da gudummawarsa, ba ta gaya wa kowa komai. A kwatanta ta da wannan: malamin lissafi mai shaidar NCE da rajistar TRCN, ya koyar shekara uku a makarantar firamare a karkara, ya iya Excel da tattara bayanai da waya. Daga karanta wannan mai tantancewa ya san inda zai ajiye mutum.

3. Ilimi. Ana farawa da na ƙarshe a koma baya. A rubuta sunan shaidar, fannin, cikakken sunan makarantar, da shekarar gamawa. Idan Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso ce, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ko Jami'ar Bayero, a rubuta sunan kamar yadda yake a jikin shaidar. Wannan na da amfani musamman ga makarantun da aka sauya wa suna. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, alal misali, ta koma ɗauke da sunan Aliko Dangote, amma wanda ya gama kafin sauyin, sunan da ke kan takardarsa shi zai bi. Wanda ya fita da sakamako mai kyau ya ambata. Wanda ya yi digiri ba sai ya jera darussan da ya ci a WAEC ba, sai in an nema.

A nan ne kuma ake bayyana matsayin NYSC: an gama, ana kan yi, ko an samu takardar yafewa saboda an haura shekara 30 kafin kammala karatu. Masu sana'ar da ke da hukumar rajista su sa lasisinsu a fili: TRCN ga malamai, rajistar majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ga masu wannan fanni, da lasisin ma'aikatan lafiyar al'umma ga waɗanda suka karanta CHEW. Sau da yawa wannan layi shi ke raba wanda za a kira da wanda za a bari.

4. Gogewar aiki. Wannan ne sashen da ya fi nauyi, kuma nan matasan karkara suka fi zaluntar kansu. Da yawa kan ce ba su taɓa aiki ba, saboda a wajensu aiki shi ne na ofis mai albashin wata. Alhali a ƙasar Gabasawa da Gezawa da Minjibir da wuya a samu matashin da ya kai shekara 25 bai riƙe wata amana ba. Wani ya riƙe shagon POS, yana ƙirga kuɗi yana daidaita lissafi kullum. Wani ya koyar a Islamiyya. Wata ta shiga tawagar rigakafin shan-inna tana bin gida-gida. Wani ya yi aikin wucin gadi da INEC a zaɓen 2023, ya sarrafa na'urar BVAS. Wani ya yi N-Power, shirin da aka fara a 2016. Wani shi ne magatakardan ƙungiyar manoma, shi ke rubuta sunayen masu karɓar taki da iri. Wani yana sayo gero da wake da gyaɗa a kasuwannin ƙauye ana kaiwa Dawanau. Duk waɗannan gogewa ce, in an san yadda za a rubuta su.

Ga kowane aiki a sa muƙami, wurin, gari, da watan farawa da na gamawa. A ƙarƙashinsa a kawo layi biyu zuwa huɗu, kowanne ya fara da aikatau, ya faɗi abin da aka yi, da yawansa, da abin da ya haifar. Ga bambancin:

Rubutu mai rauni: Na yi aiki a shagon POS.
Rubutu mai ƙarfi: Ya kula da cire kuɗi da turawa ga kimanin mutum 60 a rana, yana rufe lissafi kowace yamma ba tare da giɓi ba har tsawon wata 18.

Rubutu mai rauni: Na taimaka wa ƙungiyar manoma.
Rubutu mai ƙarfi: Ya yi rajistar manoma 140 a ƙauyuka biyar, ya mayar da littafin ƙungiya zuwa Excel, ya tsara rabon taki a daminar bara.

Waɗannan alƙaluma misali ne kawai. Kowa zai sa nasa na gaskiya, wanda zai iya karewa idan an tambaye shi. Wanda bai riƙe adadi daidai ba ya ce kimanin kaza. Shekarar NYSC da watannin SIWES da koyon koyarwa duk a wannan sashe suke shiga.

Noma kansa abin rubutawa ne idan aikin da ake nema ya shafe shi. Hukumar KNARDA ta Jihar Kano, da ƙungiyoyi irin su Sasakawa, da cibiyoyin bincike irin su IITA da ICRISAT da ke da ofis a Kano, duk harkarsu da manoman karkara ce. Wanda ya tashi a gona, ya san lokacin shuka da na maimai, ya san yadda ake magana da dagaci da mai unguwa, yana da abin da ɗan birni ba shi da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

5. Ƙwarewa. A ambaci abin da za a iya gwadawa. Iya kwamfuta magana ce mai faɗi da ba ta nuna komai. A ce Word, Excel, Google Sheets, ko manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox da ODK, waɗanda ƙungiyoyin lafiya da noma ke amfani da su a aikin fili. A sa lasisin tuƙi in akwai. A sa harsuna tare da matakin iyawa: Hausa, Turanci, Fulatanci, Larabci, har da karatu da rubutun Ajami, domin akwai ayyukan wayar da kai da ake buƙatarsa. Wanda ya yi wani horo, kamar shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ya sa sunan horon, wanda ya bayar, da shekara.

6. Masu ba da shaida. Mutum biyu ko uku da suka san aikin mutum ko karatunsa: shugaban makarantar da ya koyar, malamin da ya duba masa kundin kammalawa, ko mai gidan da ya yi wa aiki. Ba a sa mahaifi ko yaya. Kuma wajibi ne a nemi izininsu tukuna, a sanar da su irin aikin da aka nema. Babu abin da ke ɓata lamari kamar a kira mai ba da shaida ya ce bai gane wanda ake nufi ba.

Abin da ba a sawa

Ba a rubuta lambar BVN, ko lambar asusun banki, ko lambar NIN a jikin CV. Takarda ce da ke yawo daga hannu zuwa hannu, daga waya zuwa waya, kuma waɗannan lambobi su ne jarin ’yan damfara. Idan ma'aikata na buƙatarsu, za ta nema ta shafinta ko bayan an ɗauki mutum. Addini, ƙabila, tsayi, da yawan ’ya’ya ba su da gurbi sai in sanarwar ta tambaya. Hoto ma haka.

Jihar asali da ƙaramar hukuma kuwa ya danganta da inda za a tura. Aikin gwamnatin tarayya yana bin tsarin raba daidai tsakanin jihohi, wanda Hukumar Daidaito a Ɗaukar Ma'aikata ke sa ido a kai, don haka a can suna da muhimmanci. Haka aikin jiha, kamar na SUBEB, inda ake duba ƙaramar hukumar mutum. Kamfani mai zaman kansa galibi ya fi damuwa da inda mutum yake zaune.

Mataki na uku: tsarawa a waya

Manhajoji uku sun wadatar, kuma duk ana samunsu a Play Store: Google Docs, Microsoft Word, da WPS Office. Ga yadda ake yi da Google Docs:

1. A sauke manhajar, a shiga da sabon imel ɗin da aka buɗe don neman aiki.
2. A taɓa alamar ƙari da ke ƙasa, a zaɓi sabon shafi fari, ko ɗaya daga cikin samfuran CV da ke ciki.
3. A zaɓi salon rubutu guda ɗaya mai sauƙin karantawa, kamar Arial ko Calibri, girma 11 ko 12. Suna ya ɗan fi girma, kanun sassa su zama masu kauri.
4. A saita girman takarda zuwa A4, wanda shi ake bugawa a Najeriya.
5. Bayan an gama, a taɓa ɗigo ukun da ke sama a dama, a shiga wajen rabawa da fitarwa, a adana takardar a matsayin PDF.

Amfanin PDF shi ne tsarin ba ya wargajewa, yadda aka gan shi a waya haka zai buɗe a kwamfutar mai tantancewa. Amfanin Google Docs kuma shi ne takardar tana zaune a Google Drive, ko waya ta ɓata ko ta lalace ba a rasa ta ba. Ana iya saita ta yadda za a ci gaba da rubutu ko babu intanet, abin da ke da amfani a wuraren da sabis ke zuwa yana tafiya.

A sa wa fayil suna mai ma'ana: sunan mutum, sai kalmar CV. Fayil mai suna irin wanda kyamara ko WhatsApp ke bayarwa yana ɓacewa a cikin ɗaruruwan irinsa.

Takardun shaida kuwa kada a ɗauke su hoto a kan tabarma da inuwar hannu a jiki. Manhajar Google Drive tana da wajen sikanin, haka Adobe Scan da CamScanner. A shimfiɗa takarda a wuri mai haske, a bar manhajar ta gyara gefuna, a adana. Shafukan neman aiki da yawa suna ƙayyade nauyin fayil da za a ɗora, don haka a karanta ƙa'idar, a rage nauyin in ya wuce, amma a tabbatar rubutun bai dushe ba.

Wanda ya fi son zuwa shagon kwamfuta ba laifi, amma ya je da rubutunsa a hannu, ya zauna a buga a gabansa, ya karɓi fayil ɗin ta imel ɗinsa. Kada ya bar kwafin takardunsa a kan kwamfutar shago, kuma ya fita daga imel ɗinsa kafin ya tashi.

Manhajar da ke tace takardu kafin mutum ya gani

Manyan kamfanoni, bankuna, da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suna karɓar takardu ta wasu manhajoji na musamman da ake kira ATS, irin su Workday da Taleo. Manhajar tana zare rubutun da ke cikin CV, ta zuba shi a gurabe: suna nan, makaranta nan, aiki nan. Daga nan ma'aikacin da ke ɗauka zai iya binciko masu wata kalma ko wata shaida. Idan manhajar ta kasa karanta takarda, bayanan mutum kan fito a hargitse ko babu komai.

Abubuwan da ke rikita ta sanannu ne: CV da aka ɗauka hoto aka mayar PDF, rubutu a cikin akwatuna da jadawali, shafi mai ginshiƙi biyu, da zane-zanen da ke nuna ƙwarewa da taurari. Samfuran Canva masu launi suna da kyan gani, amma da yawansu irin wannan tsari gare su. Sun fi dacewa da mai neman aikin zane, ko inda za a miƙa takarda hannu da hannu.

Akwai gwaji mai sauƙi. A buɗe PDF ɗin a waya, a danna kan wata kalma a riƙe. Idan ana iya zaɓar rubutun a kwafe shi, manhaja za ta iya karantawa. Idan ba a iya ba, hoto ne.

Sannan a yi amfani da kalmomin da ke cikin sanarwar aikin. Idan sanarwa ta nemi mai iya tattara bayanai da wayar da kan al'umma, kuma mutum ya taɓa yin su, ya rubuta su da lafazin da aka yi amfani da shi a sanarwar. Ma'anar wannan ita ce CV ɗaya ba ta isa kowane aiki ba. A ajiye babbar guda ɗaya mai ɗauke da komai, duk lokacin da za a nemi wani aiki a kwafe ta, a ɗaga abin da ya dace sama, a cire wanda bai shafe shi ba.

Ƙirƙirarriyar basira da batun gaskiya

Manhajoji irin su ChatGPT da Gemini suna taimakawa ƙwarai wajen gyara Turanci. Mutum zai iya rubuta abin da ya yi, ko da Hausa ne, ya nemi a mayar masa da shi gajerun layuka na Turanci. Sai dai a kiyaye abu biyu. Na farko, kada a zuba musu lambobin sirri. Na biyu, a karanta duk abin da suka fitar, domin sukan ƙara gishiri, su ba mutum ƙwarewar da ba shi da ita ko adadin da bai faɗa ba. Duk layin da mai takarda ba zai iya bayaninsa da bakinsa a wajen ganawa ba, a goge shi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tarihin Najeriya ya nuna haka a matakin ƙoli. A watan Yulin 1999, Salisu Buhari, ɗan majalisa daga Kano, ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai makonni kaɗan da hawansa, bayan an gano cewa digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi da kuma shekarunsa ba gaskiya ba ne. A watan Satumban 2018 Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin Ministar Kuɗi saboda takardar yafewar NYSC da aka gano ta jabu ce, duk da ta ce ba ta san haka ba lokacin da aka samo mata. A farkon 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyoyin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri cikin makonni a Kwatano. Darasin da ke ciki ga ƙaramin mai neman aiki shi ne, takardar da aka samo ta hannun ɗan tsakiya tana iya tashi da mutum bayan shekaru, lokacin da ya riga ya tara iyali a kan albashin.

Turawa, da kauce wa ’yan damfara

Idan ta imel za a tura, a rubuta sunan gurbin da ake nema a layin take kamar yadda sanarwa ta ce. A cikin saƙon a yi gaisuwa, a faɗi aikin da ake nema da inda aka ga sanarwar, a ambaci abu ɗaya ko biyu da suka sa aka dace, a rufe da suna da lamba. Saƙo fanko mai ɗauke da fayil kawai yana nuna rashin kulawa. Kafin a tura, mutum ya fara tura wa kansa ya buɗe ya gani. Kada kuma a jira ranar ƙarshe, domin a ranar ce shafuka suka fi cunkushewa.

Wuraren neman aiki na gaskiya sun haɗa da shafukan ma'aikatun kansu, da dandali irin su Jobberman da LinkedIn. Galibin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya suna ƙarewa ne da .gov.ng, don haka a duba adireshi da kyau kafin a sa bayanai, musamman idan mahaɗin daga zauren WhatsApp ko Facebook ya fito. Duk wanda ya ce a biya kuɗi don a ba da gurbi, ko ya nemi lambar sirrin katin ATM, ko lambar da banki ya turo ta saƙon waya, macuci ne. Akwai iyayen da suka sayar da tumaki ko suka jinginar da gona don sayen takardar ɗaukar aiki, daga baya ta tabbata ta bogi ce.

Bayan an tura, a riƙa duba imel kullum, har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, domin gayyatar ganawa kan ɓuya a can. A ajiye ɗan littafi ko shafi a waya da ke ɗauke da sunan kowace ma'aikata, gurbin da aka nema, da ranar da aka tura.

Dubawar ƙarshe

Kafin a ce an gama, a karanta takardar da ƙarfi daga sama har ƙasa, sannan a ba wani wanda ya fi iya Turanci, kamar malamin sakandare ko ɗan bautar ƙasa da ke garin, ya sake dubawa. A tabbatar sunan ya yi daidai da na NIN, lambar waya ta cika 11, shekarun karatu da na aiki ba su ci karo da juna ba, kuma kowane layi a sashen gogewa yana faɗin wani abu da aka yi a zahiri. Duk wata uku ko huɗu a buɗe ta a ƙara sabon abin da aka koya ko aka yi, ta yadda ranar da sanarwa ta fito, gyaran minti goma kawai za ta buƙata.